Raunin laka bai sauke wa zuciya nauyinta ba

Ƴan uwana masu fama da raunin laka, musamman matasa, yawancinmu hankalinmu yana kan gyambon kwanciya da ciwon mafitsara, alhali cututtukan zuciya suna cikin manyan abubuwan da ke kashe waɗanda suka daɗe da wannan rauni. Idan tsokokin ƙafafu suka daina aiki sai su zube, kitse ya maye gurbinsu ko da jiki bai nuna ƙiba ba, jiki ya rage iya sarrafa sukari, nau'in kitsen jini mai kare jijiyoyi kuma ya ragu. Mafi tayar da hankali shi ne wanda rauninsa yake can sama yana iya samun bugun zuciya ba tare da ya ji ciwon ƙirji ba.

Tura keken guragu daga ɗaki zuwa ɗaki bai wadatar ba. Ƙa'idojin da masana na ƙasa da ƙasa suka fitar a 2018 sun nemi aƙalla minti 20 na motsa jiki mai sa haki sau 2 a mako, tare da atisayen ƙarfafa tsokokin da ke aiki sau 2 a mako. Wanda kuma yake son kare zuciyarsa da daidaita sukarin jininsa, minti 30 ake so sau 3 a mako. Keken da ake juyawa da hannu, iyo, ƙwallon kwando a kan keke da jan igiyar roba duk sun shiga lissafi, amma a fara bisa shawarar likitan fisiyo, a kuma riƙa haɗawa da atisayen ja, domin kafaɗar da kullum turi take yi ba ta daɗewa ba ta gaji ba.

Wanda rauninsa yake a wuya, zuciyarsa ba kasafai take wuce bugu 120 zuwa 130 a minti ba komai ƙoƙarinsa, don haka ya auna ƙwazonsa da numfashi da gajiya. Masu rauni a gaɓar T6, wato gaɓa ta shida ta ƙashin baya a sashen ƙirji, ko sama da ita kuwa su zubar da fitsari kafin su fara, su guji zafin rana tunda jikinsu ba ya yin gumi yadda ya kamata. Idan matsanancin ciwon kai ya taso tare da jan fuska da gumi a saman wurin raunin, hawan jini ne na gaggawa: a dakata, a zauna a miƙe, a sassauta tufafi, a duba ko robar fitsari ta toshe, idan bai lafa ba a garzaya asibiti.