Yadda sola ta ɗora ni bisa kwano

Rana kam Allah ya hore mana ita a Birnin Kebbi. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, katifa ta gagari kwanciya, kowa ya fito tsakar gida da tabarma. Wuta ce dai babu. Abin haushi, babban layin da ke kai wuta Yamai daga garin nan yake tashi, muna kallon wayoyin sun miƙa Nijar, mu muna nan da mafici. Janareta kuwa tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, a 2024 ta taɓa 1,000, nawa ya koma wurin kwanan kaji.

Shi ya sa na kira wani yaro mai haɗa sola, wanda duk unguwar Badariya ke kira injiniya. Yana shigowa ya ce, "Alhaji, ina wuni?" Ni ko filin jirgi ban taɓa rakiyar mahajjata ba. Daga jin wannan Alhajin na san kuɗi sun ƙaru.

Ya zagaya gida yana ƙirga fanka, ƙwan fitila, talabijin da firiza, ya danna waya, ya ce da batirin litiyam abin zai tashi miliyan uku da 'yan kai. Na nemi kujera na zauna. Ya ce ba laifinsa ba ne, kayan daga Sin ake kawo su, da dala ake sayowa, dalar kuma ta wuce naira 1,500. "Wanga farashin na yau ne, Alhaji. Gobe sai abin da dala ta ce." Na ce masa ni dai albashina bai san wata dala ba.

Muka yi ta yanka har muka tsaya a kan farantan sola huɗu masu wat 300, batir biyu na ruwa, da ƙaramar inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, a miliyan ɗaya da 'yan ɗaruruwa. Na sayar da shinkafar da na noma a fadama, bai isa ba. Maman Ummi ta ɗauko kuɗin adashinta ta cika. Ku riƙe wannan batun adashi, domin daga ranar ta zama mai hannun jari.

Ranar aiki sai ga sabon lissafi. Wayar tagulla ba ta ciki. Kwantirola, wadda ke hana faranti dafa batir, ba ta ciki. Ƙarafan ɗaurewa da kuɗin mai walda ba sa ciki. Man mashin ɗin injiniya ma ashe ba ya ciki. Na tambaye shi, to mene ne a ciki? Ya ce, "Alheri, Alhaji."

Kafin ya tafi ya kafa doka: ban da dutsen guga, ban da hita. Dutsen guga ɗaya yana shan wat 1,000 ko fiye, faranti huɗun nan kuma ko rana ta tsaya tsaka 1,200 ne a takarda. Nan take na zama kamfanin wutar gidana. Cikin dare inbata ta fara kuka, in tashi in kashe fankar ɗakin yara. Da safe a kawo ƙara. Maman Ummi ta ce gara waɗancan masu wutar, su aƙalla ba a cin tuwo da su. Maƙwabta kuwa suka gano gidan da fitila ba ta mutuwa, soket ɗin zaure ya cika da wayoyin mutanen da ko gaisawa ba ma yi. Da azumi ba a magana, firiza ta zama ta unguwa.

Sai hunturu ya zo da ƙurarsa. Batir ya daina cika, tun kafin sha biyun dare inbata take fara waƙa. Injiniya ya ce ƙura ce ta rufe faranti, wanki suke so, kuma zai turo yaro a kan dubu biyar. Dubu biyar a wanke gilashi huɗu! Na ce bar shi.

Wata Asabar a ƙarshen Fabrairu, hunturu na bankwana zafi na sallama, na aro tsanin maƙwabcina Malam Sani, na jingina ta bayan gida, na hau da bokiti da tsumma. Wanki ya yi kyau, faranti suka ɗauki ƙyalli. Na juyo zan sauka, babu tsani. Ashe wani ya zo aro, Malam ya turo ɗansa ya ɗauka, shi kuma yaron bai ga dalilin ɗaga kai sama ba.

Na laluba aljihu, wayata tana zaure tana caji cikin na jama'a. Na ƙwala kira. Shiru. Farantin da na wanke da hannuna sun fara aiki haiƙan, yara sun ƙure ƙarar talabijin, babu mai jin ko tsawa. Kwano ya fara gasa ƙafa, na koma taka rawa kamar kaza a kan kasko, ɗaga wannan, sauke waccan. Mai garuwa ya wuce ya ce, "Sannu da aiki, injiniya!" Wata tsohuwa ta tsaya tana tambayar nawa nake ɗaurawa, wai ɗanta na so.

Ana haka sai na ji inbata ta saki wani irin kuka da rana tsaka. Abu ɗaya ne ke sa ta wannan kukan. Maman Ummi ta ɗauka na tafi kasuwa, ta jona dutsen guga. Na tattara ƙarfina na doka kwano da bokiti, inbata ta ɗauke, talabijin ya mutu, gida ya yi tsit. A nan ne kowa ya fito nemana, ba don sun ji ni ba, don wuta ta tafi.

Ta ɗago kai ta gan ni, rigata a hannunta. "Baban Ummi, mi kaka yi bisa?" Na ce ta bar wannan tukuna, wa ya ce a jona dutsen guga? Ta ce ita a kason adashinta take gugar, kuma rigar ma tawa ce.

Sai bayan Azahar tsani ya dawo. Wurin da na doka bokiti kwano ya lotsa, da damina sai da kafinta ya karɓi nasa rabon, wanda ya ninka dubu biyar ɗin injiniya. Amma a lokacin ni dai sauka nake so. Malam Sani ya jingina tsani yana ba da haƙuri, na ɗora ƙafa ɗaya, sai Maman Ummi ta ce, "Dakata, Malam, kada ya sauko tukuna. Tun da yana bisa, Ummi, ɗauko barkonon nan babanki ya shanya mana."