"To ita me ya kai ta?"

Jiya a gidan suna aka ɗauko zancen wata yarinya mai tallan gyaɗa, ba ta wuce shekara 12 ba, wadda wani mai shago ya ja ciki ya lalata. Ba a gama ba da labarin ba wata baiwar Allah ta ce, "To ita me ya kai ta cikin shagon?" Wata ta karɓe, "Ai yaran yanzu idonsu a buɗe yake." Har aka raba shinkafa ban ji wadda ta tsine wa ƙaton da ya yi aika-aikar ba.

Haba 'yan uwa! An bar jaki ana dukan taiki.

Hattara wajibi ce, ban musa ba. Uwa ta san inda 'yarta take, a daina tura yara talla bayan magariba. Wadda ta yi sakaci tana da nata hisabin, amma wannan bai rage wa mai shagon ko ƙwayar zarra daga nasa ba. Ita kuwa yarinyar, wane laifi za a rubuta mata?

A zamanin Annabi (SAW) wata mata ta fito za ta sallah, wani ya tare ta ya yi mata fyaɗe. A ruwayar Tirmizi ba mu ji an tambaye ta me ya fito da ita ba. Cewa Annabi (SAW) ya yi ta tafi, Allah Ya gafarta mata. Mu mun fi shi kishin tarbiyya ne?

Mace ta zo gida da kumburarren ido, tambayar farko ita ce, "Me kika yi masa?" A daren za a mayar da ita da "ki yi haƙuri". 'Yar aiki ta kai ƙarar maigida, a ce sharri ne, a haɗa mata kayanta. Almajiri kuwa ko wanda zai saurare shi babu. Sai a ce a rufa asiri. Asirin wa? Shi gobe zai buɗe shagonsa, yarinya ta gaba kuma ta riga ta ga abin da aka yi wa wadda ta faɗa, za ta ja bakinta ta yi shiru.

Don Allah, in yarinya ta zo muku tana kuka, ku rungume ta tukuna. Ku kai ta asibiti kafin awa 72 su cika, don maganin kariya daga HIV ya yi aiki. Ku kai ƙara, ko da ɗan uwanku ne. Ku ji tsoron Allah, ko da ɗan uwanku ne.