Yawan ƙyalli ba shi ne kyan fentin ƙaramar mota ba

Da yawa cikin masu harhaɗa ƙananan motocin kwaikwayo suna ɗauka cewa fentin da ya fi walƙiya a kwalba shi zai sa motar ta fi kama da ta gaske. Ba haka abin yake ba.

Ɓarɓashin alminiyam da aka cuɗa a cikin fentin shi ke kawo ƙyallin. Motar kwaikwayo ta kamfanin Tamiya mai ma'aunin 1/24 an rage tsawonta sau 24, amma ɓarɓashin fentin bai ragu tare da ita ba. In ɓarɓashin ya yi kauri, sai ka ga jikin motar kamar an watsa masa yashi mai sheƙi, nan take ido ya gane abin wasa ne. A ganina mai laushin ɓarɓashi ya fi, wanda sai ka matso sosai kake ganin ƙwayoyinsa.

Shimfiɗar ƙasa, wato fentin farko da ake sa wa motar, ita ma da nata tasirin. Fenti mai sheƙin madubi irin Alclad II Chrome yana son baƙin fenti mai santsi a ƙarƙashinsa, sannan a fesa mai sheƙin sama-sama. Da an labta da yawa, sheƙin ya tafi, ya koma ruwan azurfa dusashe.

Kafin ka taɓa motar, gwada a bayan cokalin roba, domin lanƙwasarsa tana nuna yadda haske zai bi ƙofa da bonet. Fesa iri biyu ko uku, ka kwatanta su a rana, inda ɓarɓashin ke fitowa fili.