Wa Ya Aike Ka? Sha'iran Rasha da Juyin 1917

A watan Agustan 1921 birnin Petrograd ya rasa sha'irai biyu cikin mako uku. Aleksandar Blok ya rasu ranar 7 ga wata a kan gadonsa, yana da shekara 40, bayan ya gaji da jiran takardar izinin fita waje neman magani. Kafin watan ya ƙare, 'yan sandan ciki na Cheka suka harbe Nikolai Gumilev tare da wasu mutum kusan sittin, bisa zargin haɗa baki don kifar da gwamnati. Blok shi ne ya tarbi juyin juya hali da hannu biyu. Gumilev kuwa tsohon hafsan sojan sarki ne, mai yawon Habasha, wanda bai taɓa ɓoye cewa zuciyarsa na tare da sarauta ba. Ɗaya ya ce marhaba, ɗayan ya ce a'a, wata guda ya cinye su duka.

Na fara da wannan ne domin wata al'ada tamu da take damuna. Da zarar an ɗauko zancen masu alƙalami da masu mulki, sai mu raba mutane gida biyu, jarumai a dama, 'yan amshin shata a hagu, mu tafa wa waɗancan mu tofa wa waɗannan, shi ke nan an gama shari'a. Abin da ya faru a Rasha daga 1917 zuwa mutuwar Stalin a 1953 ba ya shiga wannan buhu. Wanda ya goyi baya ya hallaka, wanda ya ƙi ya hallaka, wanda ya gudu ya dawo ma bai tsira ba. Hannun da ya rubuta zambo mafi zafi shi ne kuma ya dawo ya rubuta yabo. Saboda haka tambayar "ɓangaren wa kake?" ba ta kai ni ko'ina. Wadda ta fi yi mini amfani ita ce ta dattijai idan yaro ya faɗo zaure da babbar magana a baki: wa ya aike ka?

Amma a fara yi wa waɗanda suka yi murna adalci. Ƙasar da suka tashi a cikinta ba abar kewa ba ce. Sai a 1861 aka 'yanta manoman Rasha daga bautar gandu. Yaƙin duniya na farko ya lashe samari fiye da miliyan ɗaya, kuma matan da suka gaji da layin burodi na cikin waɗanda suka fara fitowa titi a farkon 1917, har Sarki Nikolas na Biyu ya sauka. Blok ɗan babban gida ne, amma ya san duk wannan. Da talakawa suka shiga wawashe gidajen gonar masu hannu da shuni, bai tsine musu ba. Ya rubuta cewa a irin gidajen nan ne aka yi ta bulale 'yan matan ƙauye ana keta musu haddi, in ba a gidanka ba to a na maƙwabcinka. Ya roƙi 'yan boko su kasa kunne su ji kiɗan juyin.

A Janairun 1918 ya rubuta doguwar waƙarsa ta mutum goma sha biyu: 'yan sintirin Bolshebik, wato jam'iyyar Lenin da ta karɓi mulki a ƙarshen 1917, suna ratsa birni cikin guguwar dusar ƙanƙara, baki ba tsarki, hannu a kan bindiga, har ɗayansu ya harbe yarinyar da yake so. A baitin ƙarshe sai ga Almasihu a gabansu riƙe da tuta mai jini, su kuma ba sa ganinsa. Waƙar ba ta gamsar da kowa ba. Tsofaffin abokansa suka daina gaisawa da shi, 'yan jam'iyya kuma suka rasa abin da addini yake yi a gaban rundunarsu. Bayan wannan shekara da ƙyar ya sake rubuta waƙa. Ya ce sautin ya ɗauke masa. A Fabrairun 1921, wata shida kafin rasuwarsa, ya tsaya a taron tunawa da Pushkin ya ce ba harsashi ne ya kashe wancan babban sha'iri ba, rashin iskar shaƙa ce. Duk wanda ke ɗakin ya gane da wa yake.

Vladimir Mayakovsky ya fi kowa ba ni tausayi, kuma shi na fi zargi. Ba ɗan cin moriya ba ne. Tun yana yaro ya shiga harkar Bolshebik, ya sha kurkukun Butyrka a 1909, lokacin da ba a samun komai a harkar sai wuya. Da juyi ya zo, ya kira shi nasa. Ya zana fastocin farfaganda yana rubuta musu baitoci, daga baya har tallan taba da takalmin roba ya yi wa kantunan gwamnati, yana alfahari da cewa waƙa sana'a ce kamar ƙira. Baiwarsa ba ta da musu. Murya ce mai cika dandali, mai karya ƙa'idar baiti ta gina sabuwa a wurinta.

Ga inda ya yi tuntuɓe. Ya rubuta wata waƙa ya sa mata suna 150,000,000, wato adadin mutanen ƙasar, ya fitar da ita ba sunansa a jiki, yana cewa su ne mawallafanta. Wa ya tambaye su? Manomin da sojoji ke ƙwace wa hatsi a shekarun nan yana cikin wannan miliyan ɗari da hamsin, haka ma matar da aka harbe mijinta. Mayakovsky ya haɗa su ya dunƙule ya yi musu baki ɗaya, bakin kuma nasa ne. Abin dariya, Lenin da kansa ya tsani waƙar. Ya rubuta wa Lunacharsky, kwamishinan ilimi, cewa shirme ce, abin kunya ne a buga mata kwafi 5,000. Jama'a ba su aike shi ba, ubangidan ma bai aike shi ba.

Zuwa 1930 ma'aikatan ofis da yake yi wa ba'a a wasannin kwaikwayonsa sun fi ƙarfinsa. Ya shirya baje kolin aikinsa na shekara ashirin, manya suka ƙi zuwa. A waƙarsa ta ƙarshe mai tsawo ya amsa cewa ya taka maƙogwaron waƙarsa da ƙafarsa. Ranar 14 ga Afrilu ya harbe kansa a Mosko, yana da shekara 36. Akwai matsalar soyayya a ciki, ba zan ɗora komai a kan siyasa ba. Amma dubi abin da ya biyo baya: a 1935 Stalin ya ayyana shi a matsayin gwanin sha'iran zamanin Sobiyet, aka shiga cusa shi a makarantu. Sha'iri Boris Pasternak ya kwatanta abin da yadda aka tilasta wa manoma shuka dankali a zamanin sarauniya Katarina, ya ce wannan ce mutuwarsa ta biyu.

Sergei Yesenin, ɗan ƙauyen Ryazan, ya zaci juyin zai kawo aljannar manoma, sai ya ga masana'anta na haɗiye ƙauye. An tsinci gawarsa a otal a Leningrad, sabon sunan da aka sa wa Petrograd, a Disambar 1925, yana da shekara 30. Marina Tsvetaeva ta bi ta ɗaya gefen. Mijinta yana cikin Farar Runduna mai yaƙar Bolshebik, ita kuma tana Mosko tana yi wa rundunar waƙa, yayin da ƙaramar 'yarta ta mutu da yunwa a gidan marayu a 1920, ba ta cika shekara uku ba. Ta fita a 1922. A Faris kuma 'yan gudun hijira suka juya mata baya, har da laifin ta yaba wa baiwar Mayakovsky a fili. Ta koma gida a 1939, aka kama babbar 'yarta da mijinta cikin watanni. A Agustan 1941, tana gudun sojan Jamus, ta rubuta takardar neman aikin wanke-wanke a ɗakin cin abincin marubuta. Kwanaki kaɗan bayan haka ta rataye kanta a garin Yelabuga. A wane gida mai raba gida biyu zai ajiye ta?

Osip Mandelstam ya yi abin da kunnen Bahaushe zai gane nan take: zambo. A ƙarshen 1933 ya tsara layi goma sha shida a kan Stalin, ya siffanta yatsunsa da tsutsotsi masu ƙiba, gashin bakinsa da na kyankyaso, fadawansa kuma da ƙananan halittu masu kuka da muryoyi iri-iri. Sai dai akwai bambanci. A wurinmu mawaƙin fada yana yi wa abokin adawar ubangidansa zambo ne yana fake a inuwar ubangidan. Mandelstam ya yi wa sarkin ne kansa, ba shi da inuwar kowa. Bai ma rubuta ta ba, karanta wa mutane kaɗan ya yi da ka, wani a cikinsu ya kai rahoto. An kama shi a Mayun 1934 aka kore shi, ya ƙare a Voronezh. Can, a 1937, da ya ga rami ya matso, ya zauna ya tsara wa Stalin ɗin nan doguwar waƙar yabo. Ba ta cece shi ba. An sake kama shi a Mayun 1938, ya mutu a Disamba a wani sansanin fursunoni kusa da Vladivostok, aka jefa shi ramin gayya.

Akwai masu jin kunyar wannan yabo, su so a ɓoye shi. Matarsa Nadezhda ba ta ɓoye ba, ita da ta haddace waƙoƙinsa tana maimaita su cikin dare a masaƙar da take aiki don kada su ɓace. Ni ma ban ga abin ɓoyewa ba. Yabon da aka tatsa da tsoro shaida ne a kan mai tatsar. Ba ɗaya yake da yabon wanda ya kai kansa fada da ƙafarsa yana neman riga ba.

Wannan ya kawo ni ga Anna Akhmatova, tsohuwar matar Gumilev da aka harbe. Ba ta yi wa juyi maraba ba, ba ta kuma fita ba, ta ma yi wa masu fita magana mai kaushi a waƙa. Daga 1925 zuwa 1940 kusan ba a buga mata sabon baiti ba. An kama ɗanta Lev a 1935, aka sake kama shi a 1938, babban laifinsa sunan ubansa. Ta yi wata goma sha bakwai tana bin layin mata a bakin kurkukun Leningrad, kowace da ɗan ƙunshinta, in an karɓa mutuminki na da rai, in an ƙi sai ki yi ta lissafi. Ta ba da labarin cewa wata rana wani ya gane ta a layin, sai matar da ke bayanta, wadda leɓɓanta suka yi shuɗi don sanyi, ta raɗa mata ko za ta iya siffanta wannan abu. Ta ce za ta iya.

Na san daga bakinta labarin ya fito, kuma a 1957 ta rubuta shi, bayan Stalin ya mutu. Na san kuma mace ce da ta iya gyara hotonta a idon tarihi. Amma layin gaskiya ne, ɗan gaskiya ne, watannin gaskiya ne. Jerin waƙoƙin makokin da ta tsara ba su zauna a takarda ba. Takan rubuta baiti a guntun takarda ta miƙa wa ƙawarta Lydia Chukovskaya, su riƙa hirar banza da ƙarfi saboda kunnen bango, ƙawar ta haddace, sai a ƙyasta ashana. Mu da muka tashi inda ake riƙe dogayen waƙoƙin wa'azi da ka ba za mu yi mamakin hadda ba. Abin mamakin shi ne ƙasa mai injinan ɗab'i ta koma ga hadda, saboda takarda ta zama shaidar kisa. Sai a 1963 aka buga waƙoƙin a Munich, a cikin Tarayyar Sobiyet kuwa sai 1987.

A cikin waƙoƙin nan ita ma ta ce mutum miliyan ɗari ne ke kuka ta bakinta. Da'awar kusan irin ta Mayakovsky ce. Amma shi daga kan dandali ya naɗa kansa kakakin jama'a, ita kuwa tana cikin layin, lambarta a hannu, kuma mace ɗaya mai fuska ce ta tambaye ta. Wani zai ce ma'aunin nawa ya fifita wanda aka zalunta kawai, alhali wahala ba ta mayar da mutum gwani. Haka ne, dubban mata sun tsaya a layin nan ba su bar baiti ba. Baiwa daban take. Abin da nake aunawa shi ne abin da baiwar ta kalla: kiɗan tarihi, ko adadi mai sifili bakwai, ko leɓen matar da ke bayanka.

Kada kuma a mai da ita waliyyiya. A 1946 Andrei Zhdanov, na hannun daman Stalin, ya zage ta a bainar jama'a, aka kore ta daga ƙungiyar marubuta, abin da ke nufin rasa katin abinci. A 1949 aka sake kama Lev. A 1950 mujallar Ogonyok ta buga waƙoƙinta na yabon Stalin, waƙoƙin da ba su da rai, kowa ya san dalilinsu. Ba a sake shi ba sai 1956, kuma ya fito da ɗaci a ransa, yana ganin uwar ba ta yi iya ƙoƙarinta ba. Shekarunta na ƙarshe kafin ta rasu a 1966 kusan ba sa ga maciji.

A ƙarshen waƙoƙin makokin ta bar wasiyya: in har wata rana ƙasar ta ga damar yi mata mutum-mutumi, kada a kafa shi a bakin tekun da aka haife ta, ko a lambun sarakunan da ta yi ƙuruciya, sai a wurin da ta tsaya awa ɗari uku ba a zare mata sakata ba. A 2006 aka kafa shi a bakin kogin Neva, a birnin da ya koma sunansa na da, Saint Petersburg. Tana tsaye a wannan gaɓar, ta waiwaya tana kallon jan ginin tsohon kurkukun Kresty a tsallaken ruwa.