Babban Kwamanda ne, amma yaƙi ba gonarsa ba ce

Har yanzu ana ta yawo da maganar nan cewa ai shugaban ƙasa shi ne Babban Kwamandan Askarawa, in ya ce a tafi sai a tafi. To, sannunku da karatu. Ranar Lahadi 7 ga Disamba 2025 jiragen yaƙinmu suka je Kwatano suka yi wa sojojin da suka nemi kifar da shugaban Benin na lokacin, Patrice Talon, ruwan wuta. Sai ranar Talata aka karanta takardar shugaban ƙasa ta neman izinin tura sojoji a Majalisar Dattawa, ita kuma ta amince a ranar. An daka, an dama, an sha, sannan aka zo tambayar mai hatsi ko ya yarda.

Ku buɗe Kundin Tsarin Mulki na 1999, sashe na 5. Ƙaramin sashe na 4 bai bar wani lungu ba. Shugaban ƙasa ba zai ayyana yaƙi da wata ƙasa ba sai da ƙudurin majalisun biyu a zaman haɗin gwiwa, wato sanatoci 109 da wakilai 360. Kuma ko soja ɗaya ba za a tura fagen daga a wajen Najeriya ba sai Majalisar Dattawa ta amince tukuna. Tukuna. Kafin a tafi, ba bayan an dawo ba.

Na san abin da za ku ce: ai akwai ƙaramin sashe na 5. Akwai shi kam. Ya ba shugaba damar tura sojoji ɗan taƙaitaccen aiki ba tare da jiran kowa ba, bayan ya shawarci Majalisar Tsaron Ƙasa, sannan ya nemi yardar sanatoci cikin kwana 7 da fara gumurzu, su kuma su amince ko su ƙi cikin kwana 14. Kwanaki dai an cika su, ban yi musu ba. Amma ƙofar nan tana da sharaɗi a bakinta: sai tsaron ƙasa na cikin haɗarin da ke gab da afkuwa. Tsaron wace ƙasa? Tamu. Wannan ita ce tambayar da ya kamata a ce sanatoci sun tsare fadar shugaban ƙasa da ita: mene ne haɗarin, wa ya auna shi, sojoji nawa aka tura, zuwa yaushe, daga wane aljihu za a biya? Ƙila akwai amsa mai kyau, Seme, bakin iyakarmu da Benin, ba nisa gare ta da Legas ba. To a faɗe ta a zauren, a rubuta ta.

Wai gwamnatin Benin ce ta gayyace mu. Gayyata tana wanke mu a idon dokar duniya, ba ta shafe sashe na 5 ba. Wai ECOWAS ce ta ce. Sashe na 1 ya ce duk dokar da ta ci karo da kundin nan ta faɗi, sashe na 12 kuma ya ce yarjejeniyar waje ba ta zama doka a nan sai majalisa ta mayar da ita doka. Ko muƙamin Babban Kwamandan da ake ta buga ƙirji da shi, sashe na 218 da ya ba shi, shi ne dai ya ba majalisa ikon tsara yadda za a yi amfani da shi.

Ba wai ina goyon bayan juyin mulki ba ne, kada wani ya ɗora mini jakar tsaba. Damuwata ita ce mun ga ranar da wannan birki na majalisa ya yi amfani. Bayan sojoji sun tsare shugaban Nijar Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023, ECOWAS ta ba su wa'adin kwana 7 su mayar da shi kan mulki, takardar shugaban ƙasa kan shirin amfani da ƙarfin soja ta isa Majalisar Dattawa. Sanatocin Arewa suka lissafo jihohi bakwai da ke bakin iyaka: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno. Ranar 5 ga Agusta majalisa ta ce a bi hanyar sulhu. Mutumin Illela da ƙanwarsa ke aure a Ƙwanni, da ɗan Jibiya mai cin kasuwar Maraɗi, su suka san abin da aka kauce wa. Rufe iyaka da yanke wuta kaɗai sun ga yadda suka yi da mutane, balle a ce harsashi ya fita. Ran nan majalisa ta tsaya saboda wutar a gemunta take. Birkin da sai direba ya ga dama yake kamawa kuwa, sunansa ado.

Masu cewa ai ko a Amurka haka ake yi, ku je ku ga yadda ta kaya musu. Rabon majalisarsu da ayyana yaƙi tun 1942. A 1973 ta yi dokar da ta ce shugaba ya sanar cikin awa 48, ya janye bayan kwana 60 in ba a amince ba, da ƙarin 30 na kwashe kaya. Nixon ya ƙi sa hannu, suka tsallake shi. A 2011 Obama ya wuce kwana 60 yana luguden wuta a Libiya, lauyoyinsa suka ce wannan bai kai a kira shi faɗa ba. Makaman da suka watsu daga rumbunan Gaddafi, kowa ya san inda suka gangaro.

Wani abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ma shi ne ƙuri'ar murya. Dokar ta-ɓaci a Ribas a Maris 2025, sashe na 305 ya nemi kashi biyu bisa uku na dukkan 'yan kowace majalisa. Aka yi ihu, aka buga guduma, aka ce an samu. Ta yaya ake ƙirga kashi biyu bisa uku da kunne? Je ka tambayi sanatanka me ya zaɓa ran nan, babu takardar da za ta ƙaryata shi.