An gama zane, sannan aka ce mu zo mu ba da shawara

Tun da na fito daga taron jin ra'ayin jama'a na jiya raina yake a ɓace. An kira taron ne a kan sabuwar hanyar da aka ce masu tafiya a ƙasa da masu keke za su yi tarayya a kanta. Da muka shiga zauren, sai muka tarar da taswira manne a bango, an riga an ja layi, an tsayar da faɗin hanyar, har an nuna bishiyoyin da za a sare. Abin da aka rage mana shi ne zaɓen launin fenti da wurin kafa benci. Shawarar da aka nema bayan an gama zane ihu ne bayan hari.

Wani dattijo makaho ya miƙe, ya dogara da sandarsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, keke ba ya ƙara, ta yaya zan san yana tafe a bayana?" Jami'in ya ce, "Baba, za a duba." Ina kallon hannunsa, biron da ke aljihunsa ma bai ciro ba.

Tambayar dattijon nan ita ce zuciyar maganar. Mai tafiya a ƙasa yana cin kimanin kilomita 5 a awa, mai keke kuwa 15 zuwa 20, don haka idan aka cusa su a siririyar hanya ɗaya, tsoho da yaro da mai juna biyu su ne za su riƙa tafiya suna waiwaye. Shi ya sa ƙa'idar da gwamnatin Ingila ta fitar a 2020 ta ce a raba masu keke da masu tafiya a ƙasa a titunan birni. An haɗa mu ne kawai domin ba a so a rage wa motoci ko taku ɗaya, kuma wannan shi ne batun da aka yanke kafin a kira mu.

Masu cewa injiniyoyi sun fi mu sani su yi haƙuri. Injiniya ya san kwalta da magudanar ruwa, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Masu cewa tuntuɓa tana jinkirta aiki kuma su tuna da Holan, inda haɗarin mota ya kashe yara fiye da 400 a 1971, iyaye suka fito kan titi, aka saurare su, yau ga hanyoyin kekensu duniya tana koyi da su.

An kuma sa taron da ƙarfe 10 na safiyar ranar aiki, lokacin da masu hawa keke zuwa wurin sana'a da ɗalibai duk ba sa nan. Su wa ake so a ji?

Na sake duba taswirar kafin in fita. Babu ko alamar daɓen nan mai tudu-tudu da makaho ke ji da ƙafa ko sanda ya gane hanya, wanda aka fara shimfiɗawa a birnin Okayama na Japan tun 1967.