Karen Garsdale da mamatan Langalanga

Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa daga Leeds zuwa Carlisle a Ingila, na sauka a wata 'yar tasha mai suna Garsdale don kawai in miƙe ƙafa. Ƙungurmin ƙauye ne a kan tudu, gidajen dutse 'yan ƙalilan, tumaki sun fi mutane yawa, ga iska mai ratsa ƙashi. Ba mai rake, ba mai dafaffen ƙwai, ko mai ce maka sannu da zuwa babu. Abin da ya tarye ni shi ne mutum-mutumin kare na tagulla.

Dariya na fara yi. Wani dattijo da ke jiran jirgi ya ce sunan karen Ruswarp. Lokacin da hukuma ta so rufe layin, an dangwala tafin ƙafarsa a takardar koke, kuma a 1989 aka fasa rufewa. Daga nan dattijon ya shiga lissafa mini haɗurran wurin kamar mai karanto sunayen kakanninsa.

A 1910, jajibirin Kirsimeti, lokacin ana kiran tashar Hawes Junction, mai ba jirage hannu ya manta da kawunan jirgi biyu da ya tsayar a kan layi, ya buɗe wa jirgin London zuwa Glasgow hanya, jirgin ya afka musu. Taragun katako ne masu fitilun gas, wuta ta kama, mutum 12 suka rasu. A 1913, can gaba kaɗan a Ais Gill, inda layin ya fi hawa sama, wani jirgin ya kasa hawan tudu saboda rashin kyan kwal, na bayansa ya wuce jar alama ya afka masa, 16 suka tafi. A 1995 zaftarewar ƙasa ta kawar da wani jirgin daga kan dogo, wani jirgin ya zo ya buge shi, kwandasta ya rasu. Bayan na 1910 ne kamfanin jirgin ya baza na'urar lantarki a jikin dogo, mai nuna cewa akwai jirgi a kan layi ko da mutum ya manta.

Sai ya tambaye ni: ku fa a ƙasarku? Na ce haɗarin jirgin ƙasa na Langalanga, 1970, a jihar Nasarawa ta yanzu. Iyakar abin da ya fito daga bakina ke nan. Ko sunan mutum ɗaya ban iya kawowa ba, kuma wallahi na ji kunya.

Na san za a ce mu ba mu gina gumaka, addu'a muke yi wa mamatanmu, kuma ta fi tagulla amfani a kabari. Na yarda. Amma addu'a ba ta hana rubuta abin da ya jawo haɗari, ba ta hana ɗaure ƙusa. Mu da an ce ƙaddara, an yi sadakar uku, shi ke nan an rufe littafi, sai wani jirgin ya sake sauka daga layi mu fara salati daga farko.

Duk da haka, da na koma cikin taragon nan mai ɗumi, kowa ya kafa ido a waya, jirgin Kano zuwa Nguru na riƙa tunawa. Yakan tsaya a daji ba wanda ya san dalili, a sauka a yi alwala, wata baiwar Allah ta kwance ƙullin dambu ta miƙo maka ba ta ma tambayi sunanka ba. Har muka isa Carlisle ba wanda ya ɗago kai ya dube ni.